Kukis ɗin bota mai zanen fure: yadda nake yin sa a zafin Katsina da sanyinta

Duk wadda ta taso a gidan da ake kawo tsarabar tafiya ta san shuɗin gwangwanin nan mai hoton gidan gona a murfi. Royal Dansk ne na ƙasar Denmak, tun 1966 ake zuba kukis a cikinsa. A gidanmu na Ƙofar Marusa, Inna kan raba mana ɗaiɗai ta ɓoye sauran cikin kwalla, in ya ƙare gwangwanin ya koma gidan allura da zare da maɓallai. Cikin irin da ke ciki, wanda hannuna ke fara kaiwa shi ne mai kama da zobe, mai layi-layi a jiki, wanda ke narkewa a baki tun kafin a kai masa haƙori. Shi ba murza shi ake yi a yanka ba, matso shi ake yi daga leda ta wani bakin ƙarfe mai haƙora da masu kek ke kira nozul. Yau a Katsina da wuya a haɗa gara ko tiren Sallah a ce babu shi kusa da cincin da dublan da alkaki.

Kayan haɗinsa ba su kai goma ba, kuma kusan duk kina samu a Babbar Kasuwa ko 'Yar Kutungu. Abin da ke kayar da mata a wannan aiki guda ɗaya ne, laushin bota. Yawancin ma'aunan da ake gani a intanet an rubuta su ne a ƙasashen da kicin ɗinsu ba ya wuce digiri 20. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu rana kan haura digiri 40, bota kuma tana narkewa ne tun daga wajen 32 zuwa 35. A watan Janairu da asuba, botar nan dai sai ta koma kamar sabulu. Wadda ta iya karanta bota a waɗannan yanayi biyu ta iya kukis, sauran duk sauƙin hannu ne.

Na koyi wannan ne da hasara. Garar 'yar ƙanwar mahaifiyata aka ba ni, cikin bazara, na fara aiki bayan Azahar saboda ina ganin lokaci ya ƙure. Na matsa furanni tire biyu masu kyau, na tura oben. Da na buɗe, duk sun baje sun haɗe da juna kamar gurasa ɗaya, mai na tsatstsafowa a gefe. Gwaggo ta leƙo ta taɓa sauran kwaɓin da ɗan yatsa ta ce, "Ɗiyata, ai wanga bota tun kafin ki sa hulawa ta riga ta mutu. Bari sai an yi sallar Isha'i." Na bari. Ma'auni ɗaya, hannu ɗaya, da dare zanen ya tsaya cak.

Kayan haɗi

Wannan ma'aunin kwaɓi ɗaya ne, yana fitar da matsakaitan kukis wajen 50. Bota giram 250, wato ƙunshi ɗaya irin na Simas. Aisin suga, wato niƙaƙƙen sukari mai laushi kamar gari, giram 125. Ƙwai ɗaya babba. Fulawa giram 270. Kwanfulawa giram 40, sitacin masara ke nan. Madarar gari babban cokali biyu, filebon banila ƙaramin cokali ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. Ki ajiye madarar ruwa cokali biyu a gefe, wataƙila ki buƙace ta.

In babu sikeli, gwangwanin madarar ruwa na ɗaukar fulawa kusan giram 90 idan aka zuba ta sako-sako aka shafe baki ba a danna ba. Ke nan fulawa gwangwani uku, aisin suga ɗaya da rabi, kwanfulawa babban cokali biyar. Amma ina ba ki shawara ki sayi ƙaramin sikelin kicin, musamman in sana'a za ki yi. Gwangwanin da aka danna da wanda ba a danna ba suna iya bambanta da cokali uku na fulawa, kuma cokali ukun nan su ne tsakanin kwaɓin da ke fita salin-alin da wanda zai fasa miki leda.

Ki lura ban ambaci bekin foda ba. Kada ki sa. Kumbura kukis take yi, in ya kumbura kuwa layukan da kika sha wahalar zanawa sun shafe.

A kan bota sai na ɗan tsaya. Abin da muke kira bota a kasuwa, akasarinsa majarin ne, daga man itatuwa aka yi shi. Bota ta ainihi daga madarar shanu take, kitsen cikinta kashi 80 cikin 100 ne ko fiye, ta fi ƙamshi nesa ba kusa ba, ta fi tsada, ta kuma fi saurin narkewa. Majarin ɗin gashi, mai tauri, ya fi jure zafinmu, zanensa ya fi tsayuwa. Ni in na gida zan yi cikin hunturu, bota ta ainihi nake nema. In na gara ne cikin bazara, rabi da rabi nake haɗawa. Wadda zan hana ki ita ce mai laushin nan ta cikin roba da ake shafa wa burodi, domin da yawansu ruwa ya yi musu yawa. Juya bayan mazubin ki karanta, in kitsen ya gaza kashi 75, bar ta wa shayin safe.

Ana yawan tambayata ko man shanunmu zai yi. Ɗanyensa, wanda Fulani ke kawowa a dunƙule yana iyo cikin nono, yana da tsami da ruwa, ƙamshinsa kuma yana danne banila. Soyayyensa ba ya riƙe iska in an buga shi, don haka shi kaɗai ba zai ba ki kwaɓin matsi ba. Abin da nake yi, nakan rage bota cokali biyu in maye gurbinsu da soyayyen man shanu wanda ya daskare. Ƙamshin da ke tashi daga oben a ranar, maƙwabta ma sai sun aiko tambaya.

Kwaɓi

Fara da gwada bota. Danna ta da ɗan yatsa. In yatsan ya shiga ya bar rami, gefen ramin ya tsaya, botar kuma ba ta ƙyalli, ta yi. In tana sheƙi tana manne wa yatsa kamar man shafawa, ta wuce, mayar da ita firij minti goma. In sai kin sa ƙarfi kafin ta lotsa, da saura. Cikin bazara minti 15 bayan fitarwa daga firij ya isa, kuma aikin bayan Asuba ko bayan Isha'i ake yin sa. Cikin hunturu ki yayyanka ta ƙanana a roba, ki ɗora robar a kan wata mai ruwan ɗumi na minti ɗaya ko biyu kina juyawa, ki sauke tun ba ta fara zama mai ba. Botar da ta narke ta sake daskarewa ba ta komawa yadda take, kada ki ce za ki yi wa wuta wayo.

Tankaɗe aisin suga a kan botar. In ba ki samu na kanti ba, niƙa sukari a ƙaramin kofin bilenda busasshe ki tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu. Sukari mai tsaba ba ya gama narkewa a wannan kwaɓi, yana barin ƙurji-ƙurji, yana kuma sa kukis ya baje.

Sai bugu. Da miksa minti uku zuwa huɗu, da muciya minti goma zuwa sha biyar, kina bugawa gefe ɗaya, kina kankare jikin roba lokaci-lokaci. Launin zai tashi daga rawaya ya koma fari-fari, ya yi sauƙi a hannu. Abin da ke faruwa shi ne kina cusa ƙananan kumfan iska cikin kitsen, su ne ke sa kukis ya yi garɗi ya riƙa narkewa a baki. Da kin ga ya yi haske ki tsaya. Wannan ba kek ba ne, in iskar ta yi yawa zai tashi a wuta ya faɗi.

Fasa ƙwan a kofi daban ki duba lafiyarsa, cikin zafi ƙwai ba abin yarda ba ne. Kada ya zama mai sanyin firij. Kaɗa shi, zuba rabi ki buga har ya ɓace, sannan sauran tare da filebo. In kika ga kwaɓin ya tsinke kamar nonon da ya yi barci, sa fulawa cokali ɗaya ki ci gaba, zai haɗe.

Haɗa fulawa da kwanfulawa da madarar gari da gishiri ki tankaɗe tare. In majarin ɗinki mai gishiri ne, ɗanɗana tukuna, ƙila ba sai kin ƙara ba. Daga nan ajiye miksa, ɗauki muciya ko faffaɗan cokalin roba. Zuba garin kashi uku, kina juyawa daga ƙasa zuwa sama a hankali, da zarar farin gari ya ɓace ki dakata. Fulawa na da danƙo wanda ke tashi in ta haɗu da laima aka yi ta juya ta. A fanke da burodi danƙon muke nema, shi ya sa muke bugun ƙullun har hannu ya gaji. A kukis shi ne abokin gaba, shi ke sa ya yi tauri kamar ƙanzo. Kwanfulawa ba ta da wannan danƙo, dalilin sa ta ke nan.

Kwaɓin da ya yi daidai, in kika ɗebo da cokali kika kife, zai ɗan rataya kafin ya faɗo a dunƙule. Ya fi ƙullun kek kauri sosai, ya fi kwaɓin cincin laushi sosai.

Matsi

Nan ne ake gane hannu. Nozul ɗin da ya dace shi ne babba mai buɗaɗɗen tauraro, wanda masu sayar da kayan kek ke kira 1M, ko duk wanda ɗan ƙaramin yatsanki zai iya leƙa bakinsa. Ƙananan da ake yi wa kek rubutu da su ba za su bar wannan kwaɓi ya wuce ba. Leda kuma ki nemi mai kauri, ta silikon ko ta yadi wadda ake wankewa. In siririya kike da ita, ki sa biyu, ɗaya cikin ɗaya.

Yanke bakin ledar daidai yadda haƙoran nozul za su fito, rabinsa na ciki. Tsayar da ledar cikin dogon kofi, naɗe bakinta a gefen kofin, zuba kwaɓi. Kada ki cika. Cokali huɗu ko biyar a lokaci ɗaya sun isa, domin leda cikakkiya tana gajiyar da hannu, ɗumin tafinki kuma yana narkar da na baya kafin ki kai gare shi. Tura kwaɓin ƙasa, murɗe saman ledar, riƙe murɗin tsakanin babban yatsa da manuniya. Hannun dama ke matsawa daga sama, na hagu jagora kawai yake yi kusa da baki.

Gwada guda ɗaya kafin ki ci gaba. In sai kin ciji leɓe kafin ya fito, ko yana fitowa yana yankewa gefensa na tsattsagewa, ya yi tauri. Juye shi cikin roba, sa madarar ruwa ƙaramin cokali ɗaya, juya, sake gwadawa. Ƙaramin cokali, ba babba ba, kuma ɗaya bayan ɗaya. Cikin hunturu sau da yawa ba madara yake so ba, ɗumi yake so: murza ledar tsakanin tafukanki minti ɗaya, za ki ji ta saki. In kuma yana zubowa da kansa, layukan suna kwanciya kina kallo, ya yi laushi. Ajiye robar a wuri mai sanyi minti goma. In bai gyaru ba, sa fulawa cokali ɗaya.

Shimfiɗa takardar gashi a tire, ɗiga ɗan kwaɓi a ƙarƙashin kusurwa huɗu don ta manne, in ba haka ba duk ɗagowar da za ki yi sai ta biyo ki. Kada ki sa jarida, tawadarta ba abin ci ba ce. In babu takarda, shafa bota kaɗan ƙwarai ki goge da tsumma mai tsabta, domin tire mai santsi ba ya kama kwaɓi. Tiren kuma ya zama mai sanyi, ba wanda ya fito daga wuta yanzu ba.

Ga yadda ake fure. Riƙe ledar a tsaye tsaf, bakin nozul ya ɗan ɗaga daga tire kamar faɗin farce. Matsa a tsakiya har ya kama takarda, sannan ki zagaya sau ɗaya kina matsawa da ƙarfi iri ɗaya, in kin dawo inda kika faro ki daina matsawa tukuna, sannan ki fizge hannun gefe. Yawancin masu koyo suna ɗagawa alhali suna kan matsi, sai wutsiya ta miƙe sama, ita ce kuma ke fara ƙonewa. In ta miƙe, jiƙa ɗan yatsa ki kwantar da ita. Faɗin furen kada ya wuce santimita huɗu zuwa biyar, tsakanin kowane biyu ki bar yatsa biyu. Zobe kuwa da'ira ce kawai mai rami a tsakiya, ya fi fure saurin gasuwa. Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne dogo, ja layi ɗaya tsawon ɗan yatsa ki yanke. Kowane tire ya zama siffa ɗaya da girma ɗaya, don su nuna tare. Wanda bai yi kyau ba, kwashe shi da cokali ki mayar cikin leda, babu asara.

Yanzu matakin da ba na yafewa: sanyaya tiren kafin gashi. Minti 20 zuwa 30 a firij, ko goma a firiza, har sai kin taɓa fure kin ji ya yi ƙarfi. Dalili shi ne, in kukis ya shiga wuta da sanyinsa, fulawa da ƙwai suna riga kitsen, su kama siffar kafin ya narke ya gudu. Ki lura, bayan matsi ake sanyayawa. In kika sa kwaɓin a firij tun yana roba, ba zai matsu ba. Ranar da babu wuta, nakan aika a sayo ƙanƙara, in shimfiɗa ta cikin babbar kula ko baho, in ɗora tiren a kai in rufe da wani tiren. Minti 15 ya wadatar. In ƙanƙarar ma ta gagara, jiƙaƙƙen buhu a ƙasan siminti kusa da randa, da asuba, yana taimakawa. Ki rufe saboda ƙura.

Gashi

Kunna oben minti 15 kafin ki sa komai, a digiri 170. Oben mai sanyi narkar da kukis yake yi a hankali, ya rushe duk abin da firij ya gyara. Sa tire a layin tsakiya. Minti 14 zuwa 18 ne, gwargwadon girma. Bayan minti goma ki juya tiren, na gaba ya koma baya, saboda kusan kowane oben yana da ɓangaren da ya fi zafi. Alamar nuna ita ce gefe da ƙasa su yi ruwan zuma mai haske, saman kuma yana nan fari-fari. In kika jira saman ya yi ja, ƙasa ta riga ta yi ɗaci.

Oben ɗin gas da yawa ba su da lamba, wasu lambar ma ba ta faɗin gaskiya. Gasa guda biyu na gwaji. In ƙasansu ya yi duhu kafin minti goma, rage wuta, ki kuma ɗora tiren a kan wani tiren. In minti 20 ta wuce suna nan fari sun baje, wuta ta yi kaɗan. Baƙin tire ya fi farin alminiyon saurin ƙona ƙasa.

Rashin oben ba ya hana kukis, shekarata biyu a tukunya nake yi. Samu babbar tukunyar dalma mai kauri, zuba wankakken yashi busasshe ko gishiri mai tsaba kaurin yatsa biyu, jera gwangwanayen madara uku da aka ɓare wa takarda, rufe, ɗora a wuta minti 15 ta yi zafi. Sannan ki ɗora faranti a kan gwangwanayen, kada ya taɓa jikin tukunya, ki rage wuta. A kurfoti, jira gawayi ya ruru ya yi farin toka, rage shi, ki kwashi garwashi kaɗan ki baza a kan murfi don sama ta samu zafi. Yakan ɗauki minti 20 zuwa 25. Kada ki buɗe kafin minti 15, in za ki buɗe kuma ki ɗaga murfin a miƙe don toka kada ta zuba.

In ya fito zai yi laushi, kada ki ɗauka bai nuna ba. Bar shi a tire minti biyar, sannan ki kwashe a kan raga ko faifai ya huce sarai. Garɗinsa sai ya huce yake fitowa.

In hannunki ya zauna, canza ɗanɗano abu ne mai sauƙi. Don na cakulan, cire fulawa giram 25 ki sa garin koko daidai nan, za ki ƙara madara kaɗan domin koko na shan ruwa. Garin citta rabin ƙaramin cokali da ɗan kirfa suna tafiya da shayi ƙwarai, shi tsofaffin gidanmu suka fi so. Kwakwa da gyaɗa da riɗi a sama ake barbaɗa su bayan matsi, in suka shiga kwaɓi toshe nozul suke yi. Tsoma shi cikin narkakken cakulan kuwa na hunturu ne kawai.

Mai aikin gara kada ta haɗa bota kilo biyu a baho ɗaya. Kafin ki matse rabi, sauran ya canza hali. Ki auna komai ki jera, ki riƙa kwaɓa ƙunshi ɗaya ko biyu a lokaci, wani tire na firij, wani na wuta, wani na hucewa.

Ajiya a mazubi mai murfi mai kama iska, bayan ya huce gaba ɗaya. Yana kai mako biyu lafiya. Kada ki haɗa shi bokiti ɗaya da kek, zai sha laimarsa, ko da cincin da dublan, zai ɗauki warin man suya. Cikin damina, Yuli da Agusta, in ya yi sanyi ya saki, mayar da shi oben a digiri 150 minti biyar, zai dawo. In kuma tafiya zai yi, kamar wanda nake aika wa Yaya a Daura duk Sallar Gani, nakan shimfiɗa takarda a ƙasan bokiti, in jera dogayen a ƙasa, furanni a sama, takarda tsakanin kowane layi, in cusa wata a gefe har in girgiza in ji babu abin da ke motsi. Sai in ja wa mai ɗauka kunne ya riƙe shi a cinya har Daura, kada ya yarda a sa masa shi a but tare da buhuna, hanyar Daura ta Mashi ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba.